Bayan An Ceto Rai: Jinyar Wanda Ya Cutar Da Kansa Da Abin Da Take Ci

Duk wanda ya taɓa kwana a sashen gaggawa na babban asibiti ya san irin wannan shigowar. A-daidaita-sahu ya tsaya da ƙarfi a bakin ƙofa, a fito da budurwa ranga-ranga, 'yan uwa na biye, kowa na magana amma babu mai faɗin abin da ya faru. Nas ta tambaya, "Me ta sha?" Sai a kalli juna. Yayanta ya ce kuskure ne, ta ɗauka maganin tari ne. Gwaggonta ta ce mutanenta ne suka tashi. Uwar tana gefe ta rufe fuska da mayafi. Ita ta san gaskiya, ta kuma san abin da faɗinta zai jawo wa gidan. Likita ya shiga aikinsa: ƙarin ruwa, allurai, iskar numfashi. In da sauran shan ruwa a gaba, bayan kwana biyu ko uku ta farfaɗo, a biya kuɗi, a sallame ta, a hanyar gida a ja mata kunne kada ta kuskura wani ya ji.

A wurin iyali magana ta ƙare. A takardar asibiti ma ta ƙare, tunda an rubuta cewa ta samu sauƙi. Ni a ganina an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. An fitar da gubar daga jikinta, amma abin da ya miƙa hannunta ga kwalbar yana nan yana jiranta a ɗakin da ta baro, kuma babu wanda ya zauna ya tambaye ta mene ne shi.

Abin da likitoci ke kira cutar da kai yana da faɗi. Ya haɗa duk wanda da gangan ya sha guba ko magani fiye da ƙima, ko ya ji wa jikinsa rauni, ko da wace niyya ya yi. Da gangan aka saka wannan "ko da wace niyya". Wani mutuwar yake nema. Wani so yake abin da ke cin ransa ya lafa ko na awa ɗaya ne. Wata ta yi magana har ta gaji ba a saurare ta ba. Da yawansu kuma in ka tambaye su washegari, su kansu ba za su iya rabe maka ba, iyakarta su ce, "Ni dai na gaji ne." Girman raunin ma ba ya nuna girman niyya: akwai wanda ya ƙudura tafiya amma abin da ya samu a kusa ba mai ƙarfi ba ne, akwai kuma wadda fushin minti biyar ya kwasa amma abin da ke kan taga mugun dafi ne. Saboda haka maganar nan da ake yawan yi, wai "so take kawai a kula ta", magana ce mai haɗari. In ma haka ne, wanda bai ga wata hanyar da za a kula shi ba sai wannan, ai ya kai a kula shi ɗin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke halaka kansu a kowace shekara, kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. A bayan kowane mutum ɗaya da ya rasu akwai yunƙuri fiye da 20 da aka tsira. Waɗannan da suka tsira su ne ke isa asibiti, kuma a cikin duk alamomin da aka sani na wanda zai iya halaka kansa nan gaba, babu wadda ta kai ƙarfin a ce ya taɓa gwadawa.

Ƙasar da aka fi bin diddigin wannan lamari ita ce Ingila, kuma dalili a fili yake. Tun 1948 gwamnati ce ke biyan kuɗin jinya a can ta hukumar NHS, mara lafiya ba ya ciro ko sisi a bakin ƙofa. Wanda ke biya kuwa dole ya ƙirga. A kowace shekara ana kai mutane asibitocin Ingila fiye da sau 200,000 saboda cutar da kai, mafi yawansu shan magani fiye da ƙima ne, kuma mata sun fi maza yawa, musamman 'yan mata masu tasowa. Garuruwa uku, Oxford da Manchester da Derby, sun shafe shekaru suna rubuta bayanin duk wanda aka kawo, suna kuma bibiyar abin da ya same shi daga baya. Daga irin wannan bibiya, a Ingila da wasu ƙasashe, aka gano cewa kusan mutum ɗaya cikin shida zai sake dawowa asibiti da irin wannan matsala kafin shekara ta zagayo, ɗaya zuwa biyu cikin ɗari kuma za su rasu ta wannan hanya a cikin shekarar. Haɗarin da ke kansu a shekarar farko ya ninka na sauran jama'a kusan sau hamsin, kuma ya fi tsanani a watan farko bayan sallama. Wato daidai lokacin da kowa ya sauke ajiyar zuciya ya koma harkokinsa.

A 2017 wasu masu bincike a Jami'ar Oxford, ciki har da Apostolos Tsiachristas da Farfesa Keith Hawton, suka fitar da lissafin kuɗi. Sun ɗauki duk waɗanda aka kai asibitin John Radcliffe na Oxford saboda cutar da kai daga Afrilun 2013 zuwa Maris na 2014, mutum 1,140, suka bi kowane abu da aka yi musu: karɓa a sashen gaggawa, gwaje-gwaje, magani, kwanan gado, ɗakin kulawa ta musamman, da zaman tattaunawa da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. A tsaka-tsaki kowane zuwa ya ci fam 809. Da suka auna da ƙasar baki ɗaya sai ya kama kusan fam miliyan 162 a shekara. Wani lissafi da aka sake yi daga baya da bayanan asibitoci da yawa ya sauko da shi zuwa kusan fam miliyan 129. Ko wanne aka ɗauka, kuɗin asibiti ne kawai. Ba a saka ranakun aikin da aka rasa ba, ko ɗawainiyar iyali, ko jinyar da ke biyo baya.

Abin da ya fi jan hankalina a lissafin shi ne farashin zaman tattaunawar nan. Fam 228 ne ga babba, fam 392 ga wanda bai kai shekara 18 ba, domin na yara ya fi cin lokaci, sai an zauna da iyaye, wani lokaci a tuntuɓi makaranta da jami'an kula da yara. In da za a yi wa duk wanda aka kawo a faɗin Ingila, kuɗin zai kama kusan fam miliyan 51 a shekara. Masana tattalin arziki a can sun taɓa ƙiyasta cewa rasa mutum ɗaya mai shekarun aiki ta wannan hanya yana jawo wa al'umma asarar da ta haura fam miliyan ɗaya da rabi. Raina ba ya son a yanka wa rai farashi, amma masu rabon kasafi da wannan yaren suke jin magana, kuma ko a yarensu an ci su.

To mene ne wannan zama da ake ta magana a kai? Ba wani na'ura ba ne, ba kuma allura ba. Nas ce ko likita ko jami'in walwala da aka horar, ya samu wuri mai sirri, ya ja kujera ya zauna da mara lafiyar bayan ya dawo hayyacinsa, kusan awa ɗaya ko fiye. Ya fara da abin da ya faru a ranar: me ya gudana tun safe, da wa aka yi magana ta ƙarshe, an daɗe ana shirya abin ne ko nan take ya zo, an ɓuya ne don kada a gani ko an yi a inda za a iya tararwa, an bar sallahu ko wasiyya. Ya tambaye shi kai tsaye, ba kwana-kwana: "Ka so ka mutu ne? Yanzu da ka tashi, me kake ji, daɗi ko takaici?" Mutane da yawa suna tsoron wannan tambaya, suna ganin kamar tuna wa mutum ne. An bincika an sake bincikawa, tambayar ba ta cusa wa kowa tunanin da ba shi da shi. Sau da yawa ma ita ce karo na farko da wani ya buɗe masa ƙofar faɗin abin da ya daɗe yana haɗiyewa.

Daga nan sai a faɗaɗa. Yaya barci, yaya cin abinci, tun yaushe abubuwan da yake jin daɗinsu suka daina yi masa daɗi? Yana jin muryoyi? Yana shan wani abu? In mace ce, ta haihu kwanan nan? Akwai mai dukanta, ko mai taɓa ta ba da son ranta ba? Akwai bashi, kora daga aiki, faɗuwa jarrabawa, rabuwa, ciwo mai tsanani da ya ƙi jin magani? Wani a dangi ya taɓa yin haka? Sannan ɓangaren da na fi ganin darajarsa: me ya riƙe shi duk tsawon wannan lokaci, wa yake jin nauyinsa, wa zai iya bugawa waya da ƙarfe biyun dare ya ɗauka? A ƙarshe a zauna tare a tsara abin da za a yi: alamomin da yake gani in abin ya fara taso masa, abin da zai yi da kansa a wannan lokaci, mutanen da zai nema, abubuwan da za a kwashe daga gida, da ranar da zai dawo ganin likita. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a yi wa kowa wannan zama duk lokacin da aka kawo shi, ko zuwansa na goma ne, kuma a ƙa'idarta ta 2022 ta nemi a sake tuntuɓar wanda ake da damuwa a kansa cikin awa 48.

A wannan ƙa'ida ta 2022 akwai wani hukunci da ya girgiza asibitoci da yawa. An daɗe ana amfani da takardun maki: a yi wa mutum tambayoyi goma, a tara lamba, a ce wannan haɗarinsa babba ne, wancan matsakaici, wancan ƙarami, a sallami mai ƙaramin. NICE ta ce a daina dogara da su wajen hasashen wanda zai halaka kansa ko wajen yanke wanda za a yi wa jinya. Dalili kuwa, da aka koma aka duba bayanan marasa lafiyar ƙwaƙwalwa da suka rasu ta wannan hanya a Birtaniya, mafi yawansu a ganin ƙarshe da aka yi musu an rubuta cewa haɗarinsu kaɗan ne ko babu. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Bahaushe, amma a nan fuskar ma tana ɓoyewa. Don haka aka juya tambayar daga "yaya girman haɗarinsa" zuwa "me yake bukata kafin ya fita daga nan".

Ko zaman yana aiki? A binciken garuruwa ukun nan, a biyu daga cikinsu waɗanda aka zauna da su sun fi ƙarancin sake dawowa da kusan kashi 40 cikin 100. A na ukun ba a ga wannan bambanci ba. Ba gwajin da aka raba mutane da ƙuri'a ba ne, saboda haka masana na taka-tsantsan da shi. Amma ko ba a ga ragin nan take ba, ta wannan ƙofar ce kaɗai ake gano mai ciwon damuwa mai tsanani a sa shi a magani, a gano wadda ake azabtarwa a gida, a haɗa mai shaye-shaye da masu taimaka masa. Duk da haka, a Ingila mai arziki da ƙa'ida a rubuce, kusan rabin waɗanda ake kaiwa ne kawai ke samun zaman. Wasu da tsakar dare ake kawo su lokacin da ma'aikatan ƙwaƙwalwa ba su da yawa. Wasu su gaji da jira su sulale. Waɗanda suka ji wa jikinsu rauni an fi yi musu ɗinki a sallame su fiye da waɗanda suka sha magani, alhali bibiya ta nuna haɗarin da ke kansu daga baya bai gaza ba. Akwai kuma masu ba da labarin kallon raini da baƙar magana daga ma'aikata, har suka yi rantsuwa ba za su sake taka asibiti ba.

Abin da ya haɗa wannan labari da ƙasarmu ya wuce kwatance. Dokar da ta mai da yunƙurin kashe kai laifi, daga hannun Turawan Ingila muka karɓe ta. Sashe na 327 na kundin laifuffukan Kudu ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya. A Arewa, sashe na 231 na kundin Penal Code, wanda ya fara aiki a 1960, aka kuma ɗauko tsarinsa daga na Sudan da Indiya, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun. Su masu dokar sun soke tasu a 1961, shekara ɗaya da ba mu 'yanci. Indiya ta zare wa tata haƙora a 2017, Pakistan ta soke a 2022, Ghana a 2023. Jihar Legas ta sauya tata ta yadda kotu za ta tura mutum asibiti a maimakon gidan yari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma ba ta goge waɗancan sassa biyu ba, ko da yake Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fito ta ce tana son a goge su.

Wani zai ce ai ba a cika kai kowa kotu a kan wannan ba. Gaskiya ne ba a cika yi ba, amma ɓarnar dokar ba a kotu take ba, a bakin ƙofar asibiti take. Ita ce ke sa yayan nan ya ce kuskure ne. Ita ce ke sa a tsaya a gida ana ɗura manja da madara har awa uku ta wuce, ko a fara zuwa wurin mai kemis na unguwa da aka amince zai rufa asiri. Ita ce ke sa likita mai tausayi ya rubuta "guba bisa kuskure" don ya kare yarinyar daga 'yan sanda, da ya rubuta haka kuwa babu sauran dalilin kiran likitan ƙwaƙwalwa, babu kuma adadin da zai isa teburin masu kasafi. Shi ya sa babu wanda zai iya yin irin lissafin Oxford a Kano ko Sakkwato: abin da aka ƙi kiran sunansa ba ya ƙirguwa.

Tunda maganar manja ta shigo, bari in ɗan tsaya a kanta, domin tana kashe mutane. Abin da aka fi sha a wajenmu, kamar yadda labaran jaridu ke nunawa kullum, maganin ƙwari ne irin su fiya-fiya, kuma a duniya ma kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu halaka kansu da maganin ƙwarin gona ne. Irin wannan guba numfashi take kamawa: majina da yawu su cika ƙirji, naman da ke jan iska ya saki. In aka ɗura wa mai wannan hali manja ko aka sa masa yatsa ya yi amai, abin huhu yake gangarawa, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Abin yi shi ne a cire masa kayan da gubar ta zuba a kai, a kwantar da shi ta gefe, a ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti nan take, a kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da aka sha da lokacin da aka sha. Akwai allurar da ke karya wannan guba, atrofin, amma sai an yi ta maimaitawa ana lura da ƙirji da bugun zuciya. Haka wanda ya sha ƙwayoyi irin su farasitamol fiye da ƙima: ranar farko garau za a gan shi, a ce ai ba komai, alhali hanta ce ke lalacewa a hankali, makarinsa kuma ya fi aiki in an fara shi cikin awa takwas. Duk wanda ya sha wani abu, a kai shi ko yana tafiya da ƙafarsa yana cewa lafiyarsa ƙalau.

A nan lissafin kuɗinmu ya rabu da na Ingila. Fam 809 ɗin can daga baitulmali take fita. Namu daga aljihun uba ko miji ko yaya. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya mutane ne ke biya da hannunsu. Kati, safar hannu, ruwan ƙari, sirinji, kowace allura, gwajin jini, iskar numfashi, kuɗin gado, duk sai an rubuta an miƙa wa mai jinya ya je ya biya ya kawo rasit. In abin ya kai ga na'urar numfashi a ɗakin kulawa ta musamman, ko wankin ƙoda, to gadajen ƙalilan ne, yawanci a asibitocin koyarwa, kuma ana neman a ajiye kuɗi tun kafin a shiga, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi na hukuma naira 70,000 ne tun 2024. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya saɓa. Yana da kyau kowa ya san wannan. Sai dai dokar ba ta cika durowar magani ba, kuma nas ɗin da ke tsaye da tsakar dare ba za ta yi allurar da babu ita ba.

Ga kuma wani abu da takardar kuɗi ba ta nunawa. In bashi ne ko talauci ya kai mutum ga wannan hali, sai ya farka ya tarar an sayar da akuyar uwarsa ko an jinginar da gona saboda shi. Ya shiga asibiti yana ganin kansa kaya ne a wuyan mutane, ya fito da rasit a hannu mai tabbatar masa da hakan. A wannan yanayi, in likita ya ce a tsaya a ga likitan ƙwaƙwalwa, ko a dawo mako mai zuwa, mai biya zai ji kamar an ƙara masa wani nauyi ne a kan wanda ya riga ya karya shi. Sai a sa hannu a takarda a tafi da mara lafiya ba da izinin likita ba. Ba na zargin irin wannan uba. Zargina yana kan tsarin da ya bar shi shi kaɗai da wannan zaɓi.

Ko an yarda a tsaya, wa za a gani? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutane fiye da miliyan 200, kuma suna ta raguwa saboda masu fita waje, wasunsu ma Ingilar suke tafiya. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Amma da an ambaci Dawanau ko Kware, abin da ke zuwa ran mutane shi ne mai tsince-tsince a bola, sai uwa ta ce 'yarta ba mahaukaciya ba ce, wa zai aure ta in aka ji? Tana da gaskiya cewa ba mahaukaciya ba ce. Shi ya sa a Ingila ma'aikatan ƙwaƙwalwa ne ke zuwa gadon mara lafiya a babban asibiti, ba shi ake turawa wani gari ba. A Legas ma, shirin SURPIN na hana kashe kai da aka fara a asibitin koyarwa na LUTH a 2017 ya buɗe layukan waya don mutum ya yi magana ba tare da ya taka ƙofar da yake kunya ba.

Game da addini, babu mai jayayya cewa kashe kai haramun ne, ayar Suratun Nisa'i a fili take, kuma wannan imani ya riƙe mutane da yawa a bakin rami. Amma ayar da ta ce kada ku kashe kanku, da ambaton jin ƙan Allah ta rufe. A Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru, ya kamu da ciwo a Madina, ya kasa jurewa ya ji wa hannunsa rauni har ya rasu. Ɗufailu ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali amma hannayensa a lulluɓe, ya ce Allah Ya gafarta masa saboda hijirarsa. Da aka ba Manzon Allah (SAW) labari, sai ya roƙi Allah Ya gafarta wa hannayen ma. In wannan ne halin da aka nuna ga wanda ya riga ya tafi, ina dalilin tsangwamar wanda Allah Ya dawo mana da shi? Malamin da aka kira ya yi addu'a a bakin gado yana da babban matsayi a wannan jinya, in ya haɗa addu'ar da cewa, "Alhaji, a bar yarinyar nan ta ga likita, kuma a saurari abin da ke damunta."

Akwai hanyar rage kuɗin asibiti tun kafin a isa asibiti, kuma Sri Lanka ce shaida. A tsakiyar shekarun 1990 tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu halaka kansu, yawanci manoma da 'ya'yansu, da maganin gona. Gwamnati ta bi mafi munin magungunan ta haramta su kashi-kashi, a 1995, a 1998, sannan daga 2008 zuwa 2011. Adadin ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100, an ƙiyasta rayuka 93,000 aka tsirar cikin shekara ashirin, kuma amfanin gona bai ragu ba. Mutane ba su daina shiga ƙunci ba, abin da hannu ke kaiwa gare shi a lokacin ƙuncin ne ya daina zama ajali. Birtaniya ta yi makamancin haka a 1998 da ta rage yawan farasitamol a fakiti ɗaya, mace-macen da yake jawowa suka ragu da kusan kashi 43 cikin 100. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwarin gona a kasuwanni da kantuna. Amma duk mai shiga kasuwa ya san yadda fiya-fiya ke zaune a faranti kusa da ashana da sabulu.

Sai tambayar da ta rage: ƙasa mara likitoci za ta iya yin zaman nan da bibiyarsa? An gwada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya gwaji a asibitocin garuruwa biyar na ƙasashen Barazil, Indiya, Sri Lanka, Iran da Sin, aka buga sakamakonsa a 2008. Mutum 1,867 da aka kawo bayan yunƙurin kashe kai aka raba biyu da ƙuri'a. Rabi aka yi musu jinyar da aka saba aka sallame su. Sauran aka ƙara musu zama ɗaya na awa guda kafin sallama, sannan ma'aikacin lafiya ya riƙa kiransu a waya ko ya je gida yana tambayar yaya jiki, yaya zuciya, akwai abin da ake bukata. Bayan wata 18, a rukunin farko kashi 2.2 cikin 100 sun rasu ta hanyar halaka kai, a na biyu kashi 0.2. Masana sun yi muhawara a kan wasu ɓangarorin gwajin, amma bai bukaci sabon gini ko na'ura ko magani mai tsada ba.

Mu kuwa bin gida-gida ba baƙon aiki ba ne a wurinmu. Matan da suka yi ta shiga lungu da saƙo da ɗigon foliyo har aka tabbatar da kawar da ainihin nau'in ƙwayar cutar a 2020 suna nan, haka ma'aikatan da ke bibiyar masu tarin fuka don kada su yanke shan magani, haka jami'an lafiya na asibitocin sha-ka-tafi, kuma tsarin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya an yi shi ne don horar da irinsu a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, da babi guda a kan cutar da kai. Tuntuɓar da aka yi a gwajin nan sau tara ce kacal: mako na ɗaya bayan sallama, na biyu, na huɗu, na bakwai, na sha ɗaya, sannan wata na huɗu, na shida, na sha biyu, da na sha takwas. Uku daga cikin taran a watan farko suke.